Tambayi Likita: Farin Tabon da Ake Gani a Dodon Kunne

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowar, domin dukkansu a kan abu ɗaya suke magana, wato tabon da ciwon kunne yake bari bayan ya warke, ko da yake kowane daga cikin masu tambayar da inda takalmin yake matsa masa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ɗana yana da shekara 9. Tun yana goye kunnensa na dama yake zubar da mugunya duk lokacin da mura ta kama shi, wani lokaci har ta ɓata matashin kai, amma yau kusan shekara 2 ke nan kunnen ya bushe. Kwanan baya na kai shi asibiti saboda zazzaɓi, sai ma'aikacin da ya haska kunnen ya ce ya ga wani farin abu kamar alli a manne da dodon kunnen. Mun sayi maganin ɗigawa a kemis har kwalba 3, da aka sake dubawa aka ce abin yana nan yadda yake. Kakarsa ta ce a ɗiga masa man zaitun mai ɗumi ko ruwan albasa domin ya narke. Shin wannan abin zai kurmantar da shi ne, kuma me zai wanke shi? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya raya shi, ya ƙara masa lafiya. Abin da kika siffanta ya yi kama ƙwarai da tabon dodon kunne, wanda a likitance ake kira miringosikilarosis idan ya tsaya a kan dodon kunnen kaɗai, ake kuma kiransa timfanosikilarosis idan ya kutsa cikin ɗakin da ke bayansa. Kafin komai zan roƙe ki da ki ajiye kwalaben nan, ki kuma ba Kaka haƙuri cikin ladabi, domin babu ruwa ko mai ko maganin ɗigawa da zai wanke wannan farin abu, kuma mai yiwuwa ne ma yaron ba ya bukatar a wanke masa shi.

Dodon kunne tantani ne siriri wanda faɗinsa bai wuce santimita 1 ba, kaurinsa kuwa kamar na takardar littafin 'yan makaranta ne, amma duk da sirantarsa shimfiɗa uku gare shi: fata daga waje, wani laushi mai danshi daga ciki, sai kuma zaruruwa a tsakiya waɗanda su ne suke ɗaure shi tamau kamar fatar kalangu. A bayansa akwai wani ɗan ɗaki mai iska, shi ne tsakiyar kunne, inda ƙananan ƙasusuwa uku suke sarƙe da juna, kuma an ba su suna ne daga siffarsu: guduma, maƙera da likkafa. Sauti yana bugun dodon kunne, shi kuma ya motsa guduma, guduma ta motsa maƙera, maƙera ta motsa likkafa, ita kuwa likkafa, wadda tsawonta bai wuce milimita 3 da ɗan wani abu ba kuma babu ƙashin da ya kai ta ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, ita ce take tura motsin zuwa can cikin kunne inda jijiyar ji take. Duk ji ya dogara ne a kan wannan motsi, saboda haka duk abin da ya sandarar da tantanin ko ya ɗaure ƙasusuwan zai rage shi.

Abin da ya faru da yaronki shi ne, a duk lokacin da mura ta kama shi, ƙwayoyin cuta sukan bi wata 'yar hanya da ta haɗa bayan hanci da tsakiyar kunne, hanyar da a jikin yara gajeriya ce kuma kusan a kwance take, shi ya sa su ciwon ya fi addaba. Mugunya takan taru a ɗakin har ta fasa dodon kunne ta fito, daga baya hudar ta rufe, mura ta sake dawowa, ta sake fashewa. Jiki kuwa ba ya mayar da abin da ya yage daidai yadda yake a da. A wurin da aka sha yin faci, zaruruwan tsakiya sukan yi kauri su cure, sannan sannu a hankali sinadarin kalsiyam, irin wanda ke cikin ƙashi da haƙori, ya riƙa taruwa a cikinsu har wurin ya yi fari ya taurare. Wannan ne allin da ma'aikacin ya gani. Idan muka haska kunne mai lafiya, dodonsa ruwan toka ne mai sheƙi, har ana iya hango hannun guduma ta jikinsa kamar yadda ake hango yatsa ta bayan ɓawon albasa; a kunne mai tabo kuwa sai a ga wani wuri fari fat, marar sheƙi, kamar farar ƙasar da ta bushe a bango, sau da yawa da siffar jinjirin wata ko kofaton doki. Likitocin kunne sun daɗe da saninsa, domin tun a ƙarni na 19 wani likitan Jamus mai suna Anton von Tröltsch, na birnin Würzburg, ya yi bayaninsa, sannan a shekarun 1950 wani likitan kunne da yake aiki a Jamus, Fritz Zöllner, ya sake jawo hankalin masu fiɗa a kansa.

Daga wannan bayani kin ga dalilin da ya sa kwalba 3 ba ta yi komai ba. Allin ba a saman tantanin yake zaune kamar datti ba, a cikin jikinsa yake, kamar tsakuwar da ta shiga tubali tun yana ɗanye, ba a fitar da ita da wanki sai da fasawa. Kuma ba ciwo ba ne mai rai da yake ci gaba da cin kunne, sawu ne na ciwon da ya riga ya wuce. Ba kansa ba ce, ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani, kuma a mafi yawan yaran da tabon ya tsaya musu a kan dodon kunne kaɗai jinsu yana nan lafiya, ko kuma raguwar ba ta kai yadda za a lura da ita ba. Makaɗa sun san cewa ɗan danƙon da aka manna a fatar ganga ba ya hana ta amo, sai in ya yi yawa har ya kai bakin gangar ya ɗaure fatar. Haka tabon yake: ƙarami ba ya hana komai, babba wanda ya kama gefen tantanin ko ya manne da hannun guduma shi ne yake rage motsi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne man da albasar, ba allin ba. Kunnen da ya shekara da shekaru yana zubar da mugunya yana iya kasancewa da 'yar huda da ba ta rufe ba ko da ya bushe, kuma duk abin da aka ɗiga zai bi ta nan ya faɗa tsakiyar kunne ya tayar da ciwon da ya kwanta. Hatta magungunan ɗigawa na kemis ba duka ne suka dace da kunne mai huda ba, domin waɗanda suke ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin suna iya cutar da can cikin kunne idan aka daɗe ana zuba su, ɓarnar da suke yi kuwa ba ta gyaruwa. Haka nan kada kowa ya yi yunƙurin kankare farin da tsinken ashana ko gashin kaza ko auduga mai tsinke. Na taɓa ganin yaron da yayarsa ta haska masa fitilar waya, ta hango fari, ta ɗauka ɓarɓashin alli ne ya tura daga makaranta, ta sa tsinken tsintsiya za ta ciro. Aka kawo shi da jini da sabuwar huda a kunnen da ya riga ya warke da kansa.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro saboda abu biyu. Na farko, ya tabbatar cewa farin tabo ne, domin akwai abubuwan da suke kama da shi: akwai fumfuna da take tsirowa a ramin kunne, wadda ita tana zuwa da ƙaiƙayi kuma ana iya share ta, akwai kuma wani tarin matacciyar fata da ake kira kolestiyatoma, wanda shi ba abin wasa ba ne, domin yana cin ƙashi kuma fiɗa ce maganinsa. Na biyu, a auna jinsa da na'ura, domin yaron da kunne ɗaya ya rage masa yakan ɓoye abin ba da saninsa ba ta hanyar juyo da mai lafiyar, sai dai a riƙa cewa ba ya jin kira ko ba ya mai da hankali a aji. Daga Funtuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi miki nisa ba, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Idan awon ya nuna jinsa daidai ne, to a ƙyale tabon ya zauna abinsa. Amma duk ranar da kika ga mugunya mai wari ta dawo, ko kumburi a bayan kunne, ko jiri, ko bakinsa ya karkace, ko ciwon kai mai tsanani tare da zazzaɓi, kada ki jira gari ya waye sau biyu.

Tambaya: Likita, ni tela ne, shekaruna 44. Ina yaro na yi fama da ciwon kunne, har ana yi mini laƙabi da shi a makarantar allo. Yanzu kunnena na hagu ya yi nauyi sosai, na dama ma ya fara. An duba ni aka ce akwai huda, kuma tabo ya kama ƙasusuwan ciki, sai dai a yi fiɗa ko in sa na'urar ji. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a cikin kasuwa ko keke na aiki nakan ji magana fiye da a ɗaki shiru, iyalina kuma suna cewa ina magana ƙasa-ƙasa. Wanne zan zaɓa? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, Allah ya ba ka lafiya. Abubuwa biyun da suka ɗaure maka kai alamu ne masu kyau, domin suna nuna cewa matsalar a hanyar shigar sauti take, ba a jijiyar ji ba. A kasuwa mutane suna ɗaga murya don su rinjayi hayaniya, kai kuwa kunnenka ya riga ya tace maka hayaniyar, sai muryar da aka ɗaga ta iso maka sarai. Muryarka kuma tana zuwa maka ta ƙashin kai, ba ta dodon kunne ba, kuma da yake sautin waje ya ragu sai ka ji ta da ƙarfi, ka sassauta ta ba ka sani ba. Wanda jijiyarsa ce ta lalace akasin haka yake yi, ihu yake yi in yana magana, kasuwa kuwa azaba ce a gare shi. Kana iya gwada wani abu a zaune: ka rufe baki ka yi gunji a hankali, za ka ji sautin ya fi karkata zuwa kunnen da ya fi nauyi. Irin wannan gwaji ne likita yake yi da wani ƙarfe mai baki biyu da yake bugawa ya ɗora a goshi da bayan kunne.

Naka tabon shi ne mai shiga tsakiyar kunne, kuma shi ba kamar na yaron da muka yi maganarsa ba ne. Kai da kake aiki da keke ka san yadda tsatsa take kama shi in ya kwana biyu a danshi, ƙafa tana takawa amma allura ba ta sauka. Allin yakan taru a saman ɗakin inda kan guduma da jikin maƙera suke rataye, ko kuma ya zagaye likkafa ya manne ta da bango, sai sauti ya bugi dodon kunne ya rasa mai kai shi ciki. Ana auna raguwar ji da desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar wanda yake jin sautin da bai kai desibel 20 ba a matsayin mai lafiyar ji, wanda kuma raguwarsa ta wuce desibel 35 a kunnensa mafi kyau a matsayin wanda abin ya zama masa nakasa. Raguwa irin taka, ko da ƙasusuwan sun ɗaure gaba ɗaya, ba ta cika wuce desibel 60 ba, wato kusan ƙarfin hirar yau da kullum, saboda haka tabon shi kaɗai ba ya mayar da mutum kurma ɗungurungum, ko da yake yana iya raba shi da hirar majalisa da karatun liman in yana sahun baya. Kuma ba kai kaɗai ba ne: a rahoton da Hukumar ta fitar a 2004 ta ƙiyasta cewa tsakanin mutum miliyan 65 zuwa 330 ne suke fama da kunne mai zubar da mugunya a duniya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 nasu jinsu ya ragu sosai.

Game da zaɓin, ga yadda nake kallonsa. Fiɗar iri biyu ce a haɗe. Akwai facin huda, wanda ake yi da wani tantani da ake yankowa daga saman tsokar da ke gefen kai ko da guringuntsin kunne, kuma wannan yakan yi nasara a mafi yawan lokuta, yana kuma da amfani ko da jin bai ƙaru sosai ba, domin yana rufe ƙofar da ruwa da ƙwayoyin cuta suke shiga. Akwai kuma kwance ƙasusuwan, inda mai fiɗa yake aiki a ƙarƙashin madubin ƙara girma yana ɓare allin, wani yana fita falle-falle kamar albasa, wani kuwa ya taurare kamar dutse, in ya zama dole ya cire ƙashin da ya lalace ya sa na roba ko na ƙarfen titaniyam a madadinsa. Idan guduma da maƙera ne kawai suka kamu, sakamakon yakan yi kyau. Idan likkafa ce ta manne, aikin ya fi wuya da haɗari, domin tana zaune ne a bakin ƙofar can cikin kunne, jijiyar da take motsa fuska kuma ta gefenta take wucewa, sannan ko an kwance ta tana iya sake ɗaurewa bayan wasu shekaru. Shi ya sa masu fiɗa da yawa sukan raba aikin biyu, su fara rufe hudar, sai kunne ya warke kafin su taɓa likkafa.

Saboda haka ka tambayi likitanka kai tsaye: wane ƙashi ne ya kamu, me awon ji ya nuna game da jijiyar, kuma sau nawa yake yin irin wannan aiki? Hoton siti-sikan, wato hoton na'ura mai nuna cikin ƙashin kunne, yana taimakawa, amma sau da yawa sai an buɗe ake ganin gaskiyar lamarin. Kada ka raina na'urar ji, domin masu irin matsalarka su ne suka fi kowa cin moriyarta, tunda jijiyarsu lafiya take, ƙarin ƙarfi kawai take jira. Sharaɗin shi ne a auna ka a daidaita maka ita, ba ka sayi ta tebur a kasuwa ba, kuma kunnen ya kasance a bushe, domin toshe kunne mai huda yana iya tayar da mugunya. Ni a ra'ayina, mutum mai shekarunka da kunnuwa biyu suka kamu ya fara da facin kunnen da ya fi lalacewa, ya bar mai dama-daman ba a taɓa shi ba tukuna. Kafin nan, in za ka yi wanka ka toshe kunnen da auduga da aka shafa wa basilin, a alwala kuma shafa da ɗanyen yatsa ta wadatar ba tare da ruwa ya gangara ciki ba, sannan ka haƙura da nutso a rafi ko tafki.

Tambaya: An ce za a sa wa 'yata mai shekara 5 wani ɗan bututu a dodon kunne saboda ruwa mai yauƙi da ya taru a ciki wata da watanni, har maganarta ba ta fita sosai. Na ji an ce bututun yana barin tabo. In hana? Daga wani uba a Kaduna.

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, Malam, amma bai kai dalilin hanawa ba. Wani nazari da aka wallafa a 2001, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya gano farin tabo a kusan kashi 32 cikin 100 na kunnuwan da aka sa wa bututun, sai dai irin wannan tabo a kan dodon kunne yake tsayawa, kuma tasirinsa a kan ji kaɗan ne ƙwarai. Shi kansa ruwan da ya daɗe a kunne yana iya barin tabo ko ba a sa komai ba, kuma a halin yanzu shi ne yake tauye mata ji a shekarun da harshe yake kafuwa, tana shirin shiga firamare. Ka'idar da likitoci suke bi ita ce a jira kamar wata 3, domin sau da yawa ruwan yakan janye da kansa. Idan ya wuce haka a kunnuwa biyu kuma awo ya nuna raguwar ji, to bututun yana da hujja. Ka tabbatar an yi mata awon kafin aikin, ka kuma tambaya ko tsokar bayan hancinta ta kumbura, musamman in tana minshari ko tana barci baki buɗe. Bututun yakan faɗo da kansa tsakanin wata 6 zuwa shekara guda ko fiye kaɗan, kuma a mafi yawan yara hudar takan rufe bayansa, amma a mayar da ita a duba ko da ba ta kuka da komai, a kuma nisantar da ita daga hayaƙin murhu da na taba gwargwadon iko.